Maƙera Babu Hayaƙi

Wai yanzu akwai injin ƙira da ba ruwansa da gawayi, balle zugazugi. Bututun jan ƙarfe ne aka naɗe kamar gammo, ruwa na zagayawa a cikinsa don kada ya ɗau zafi. Lantarki na bi ta jikinsa yana juya maganaɗisu sau dubbai cikin daƙiƙa, sai ƙarfen da aka zura a tsakiya ya yi ja wur da kansa. Tushen ilimin na Michael Faraday ne, mutumin Ingila, tun 1831. Kafin ka gama gaisuwa bakin wuƙa ya nuna, sai duka a kan uwar maƙera.

To, a kai shi yankin dam ɗin Watari da ke Bagwai mu gani. Lokacin yankan shinkafa a gonakin dam, manoman Bagwai sun yi layi da laujensu, maƙeri ya ɗauko awartaki, sai a ɗauke wuta. Yaron da aka sallama daga zuga kuwa ya tafi kasuwa da kuɗin sallamarsa.

Amma babbar matsalar ta martaba ce. Injin nan ƙarfe yake ci, bai damu da tsoka ba. Kowane ɗan koyo zai zura yatsa cikin naɗin ya fito lafiya lau, muddin ba zobe a hannunsa. Ina Sarkin Maƙera zai sa kansa, shi da ya gaji wasa da wuta kaka da kakanni?

Mai niyyar saye, ka fara tambayar kuɗin janareta, kuma kada ka ɓata da mai gawayi.