Ka Ce Sai Ya Sha Mai a Zariya?

Malam, daina murguɗa baki. Tun da na ambaci jirgin sama na mutum ɗaya kake hura hanci, wai ku 'yan Unguwar Kanawa babu mai ba ku labarin jirgi, tunda kullum na sojan sama da ke tashi daga Mando suna shawagi a kanku. To, hango tayar jirgi daga tsakar gida bai taɓa mai da kowa matuƙi ba.

Ka ce wannan ɗan mitsitsin ko Kano ba zai kai ba sai ya sha mai a Zariya? Haba dai! Ɗauki Global 7500 na kamfanin Bombardier da ke Kanada, wanda ya fara aiki a ƙarshen 2018. Cikon tanki ɗaya yana kai shi kilomita 14,000 da ɗoriya. Kaduna zuwa Jidda kusan kilomita 3,600 ne, wato ya kai Alhaji Umra ya dawo da shi, da sauran mai. Guangzhou, inda 'yan kasuwarmu ke saro kaya, zai je ta babu yada zango. A 2019 ma irinsa ya ɗaga daga Sidni ta Ostareliya, bai dire ba sai Detroit ta Amurka, sama da kilomita 15,000. Ina Zariyar take a nan?

Ka ce ai ƙaramin jirgi iska ke wasa da shi? Manyan jiragen haya, irin na jigilar alhazai, galibi tsakanin ƙafa 35,000 da 40,000 suke tafiya. Shi kuwa yana haurawa har 51,000. Hadarin Agusta da ke sa ka kwashe shanya a guje, ta taga ake leƙo yawancinsa.

Na san inda za ka nufa yanzu. Ka ce daɗin ai bai wuce kujerar fata da kafet mai taushi ba, kuma akwai su a falon maƙwabcinka. Kujerar tana nan kam, tana juyawa, tana kishingiɗa. An raba cikinsa gida huɗu: wurin zama, wurin cin abinci, ɗakin kallo, da ɗakin kwana mai gado na gaske, ba kujerar da aka lanƙwasa ba. Akwai kicin, wanda ya ƙara kuɗi kuma har wurin wanka ake sa masa. Amma duk wannan ado ne. Abin da attajiri ya biya da tsada, ido ba ya ganinsa: iskar da yake shaƙa. A babban jirgi, iskar ciki daidai take da ta kan dutse mai tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000, shi ya sa kake sauka da ciwon kai, jiki a mace kamar an yi maka dukan kawo wuƙa. A wannan kuwa galibi ba ta wuce ta ƙafa 4,500, wato kusan iskar Jos. Mutum ya yi awa goma sha huɗu a sama, ya sauko ya zarce taro yana raha. Ka ce iska ma sayenta ake yi? Ƙwarai kuwa, da dala.

Sai lokaci. Kai da ka saba da garejin Kawo, inda ɗan kamasho ke rantsuwa saura mutum ɗaya tun hantsi har azahar, ai bai kamata in yi maka dogon bayani ba. A can mota ce ke jira ta cika. A nan mutum ɗayan ne kaɗai ake jira, yana hawa a rufe ƙofa.

Kada kuma ka zarce ka ce to sai ya sauka inda ya ga dama, ko da filin faretin makarantar sojoji ta NDA ne. Tsaya, malam, ba tsuntsu ba ne. In ya cika kaya yana son titi mai tsawon kusan mita 1,800, da izinin ratsa sararin kowace ƙasa, sannan jami'an shige da fice da na kwastan suna nan suna jira. Ka manta Maris na 2017? Da aka rufe filin jirgin Abuja makonni shida don gyaran titi, nan Kaduna aka juyo da jirage, manya da ƙanana. Daga nan zuwa Abuja kuwa sai mota, ko jirgin ƙasa a Rigasa, in ba mai ƙarfin hayar jirgi mai saukar ungulu ba.

Ka ce harkar Turawa ce? Aliko Dangote tun 2010 ya sayi yayan wannan jirgin, Global Express XRS, a kan kusan dala miliyan 45. Wannan kuwa ya haura miliyan 70, kuma cikon tankinsa ya fi tan 23 na mai, ɗan'uwan kananzir ɗin da kake taya kwalbarsa har mai kanti ya gaji.

Me ka ce? Ko kyauta aka ba ka ba ka so? Allah sarki. Na yarda, amma don na san dalili. Fiffikensa daga gefe zuwa gefe kusan mita 32 ne, lungunku kuwa in Keke Napep biyu suka haɗu sai ɗaya ya yi baya.