Alhaji, Ɗakin Yana Nan, Tarkace Ne Ke Kwana a Ciki

Da zarar an ambaci ƙarin ɗaki a unguwar Yelwa ta Mubi, sai Alhaji ya gyara zaman hula ya ce, "Malam, ina filin?" Hajiya kuma daga bayan labule ta jefo nata: "Ina kuɗin siminti?" To ku gyara zama, yau ba inda za ku zille mini.

Bari in fara sallamar ƙanena mai waya, wanda ya ga bidiyon Turawa suna gyara ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ga kujeru ga talabijin, ya taso yana neman masu diga. Zauna, ƙane. Mutumin Kanada ko arewacin Amurka ba don ado ya haƙa ba. Sanyi ne ke daskarar da ƙasarsu, dole tushen gini ya nutsa ya wuce inda ƙanƙara ke kaiwa, in ba haka ba bango ya tsage. Tunda rami ya riga ya samu, sai ya mai da shi ɗaki. Kai wace ƙanƙara ce ta taɓa kama ƙasar Mubi? Abin da kake da shi Kogin Yedzaram ne, da ruwan da ke gangarowa daga duwatsu a watan Agusta. Su ma masu abin ba su tsira ba: a Satumban 2021 ambaliyar guguwar Ida ta ci mutum 11 a irin waɗannan ɗakuna a birnin New York. Ka haƙa a nan, rijiya ka ƙara wa gidan, wadda ba a shan ruwanta.

Yanzu sai kai, Alhaji. Mu je siton nan na kusa da zaure. A'a, kada ka ce makulli ya ɓata, yana gefen zanen Hajiya. Me ke ciki? Mataccen janareta. Firjin da ya daina sanyi tun kafin gudun hijirar da mutanen Mubi suka yi a 2014. Katifar da ɓeraye suka gada, tayoyin babur, da kwanonin bikin 'yar da yanzu ita ma ta kusa aurar da tata. Ga gareji can, an sayar da motar da daɗewa, akuya ce ke iko da shi. Alhali samari uku na cunkushe a shago ɗaya, baƙo in ya zo daga Michika sai a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na Jami'ar Jihar Adamawa kuwa, kowane zango suna bin unguwanni suna cigiyar ɗakin haya.

"Ai siton zafi gare shi, ba taga." Madalla, ka gano aikin da kanka. A fasa taga biyu masu kallon juna don iska ta ratsa, a sa silin a ƙarƙashin kwano. Amma a kira magini ya zuba linta kafin a taɓa bango, ba yaron maƙwabta mai guduma ba.

"Ai akwai laima." Nan ne zan daɗe, don nan ake asarar kuɗi. Ka ga farin gishirin da ke fitowa a gindin bango, fenti na ɓarewa? Kada ka bari a lulluɓe maka shi da tayil, danshin zai haura sama ne kawai ya ɓullo inda tayil ya ƙare. Fita ka duba bayan ɗakin: ko kwata ce ke kwance a jikin ginin, ko ruwan rufi ne ke zuba a gindinsa. A gyara wannan tukuna. Sannan a kankare tsohuwar filasta, a yi ciko har daɓe ya ɗara tsakar gida tudu, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankare. Janaretan da ke aiki kuma a nisanta shi da tagar, hayaƙinsa na kashe mai barci ba tare da ya farka ba.

"Ɗan haya ya riƙa ratsa mini iyali?" Haba Alhaji, bulo nawa ne? A toshe ƙofar ciki, a fasa ta waje, a yi masa ɗan banɗaki nesa da rijiya.

Batun kuɗi, Hajiya, ban ce kyauta ba ne. Amma bango huɗu da rufi suna tsaye, su ne masu cin kuɗin. Ƙarafan da ke ciki kuma, 'yan gwangwan za su auna su biya, a sayi buhunan farko.

A fara da rani, kafin ruwa ya sauka. Wanda ya buɗe sitonsa ya tarar da abu ɗaya da aka yi amfani da shi bana, ya rubuto mini, ni zan sayi shayin magina.