Yadda Ake Shuka Tafarnuwa da 'Yan Uwanta a Ƙarshen Kaka

Tafarnuwa ba ta karɓar uzuri. Ana binne ta ne idan damina ta tattara kayanta, ƙasa ta tsane, hunturu ya fara leƙowa, wato daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba a fadamun Sakkwato, Kabi da Kano. Dalili shi ne sai ta sha sanyi take rarraba kanta ƙwaya-ƙwaya. Wanda ya ɗaga shuka zuwa Janairu saboda bikin ƙanin matarsa zai samu ganye kore shar, sannan zafin Maris ya riske shi, ya tona ya tarar da ɗan ƙwallo guda tilo. Malaman gona suna danganta wannan da ƙarancin sanyi, mai lambun kuma yakan danganta shi da bakin mutane.

A Turai ma cikin waɗannan watanni ake shukawa, kafin ƙasa ta daskare, amma sai Yuni ko Yuli ake cira. A nan wata huɗu zuwa biyar sun isa. Manomin Wurno yakan sayar, ya kashe kuɗin, ya ci bashi a kan na baɗi, na Faransa yana jira tukuna.

Irin tafarnuwa shi ne ita kanta tafarnuwar, kuma daga nan matsala take farawa, domin abin da ake shukawa shi ake dakawa a miya. Ƙa'ida ita ce a ɓare dunƙule kwana ɗaya ko biyu kafin shuka, a bar wa kowace ƙwaya ɓawonta, a zaɓi manyan na gefe, a tura ƙananan na tsakiya madafa. Uwargida tana da tata ƙa'idar, wadda ta yi daidai da wannan sai dai a juye. Saboda haka ajiyar iri a inda hannu ba ya kaiwa tana cikin ayyukan noma, ko da littattafai ba su ambace ta ba.

Akwai kuma jarrabawar farar tafarnuwar nan mai manyan ƙwayoyi da ake kawowa daga ƙasar Sin, wadda ita ke noma mafi yawan tafarnuwar duniya. Kyanta a faranti ya sa sabon manomi yakan raina 'yar ƙaramar ta gida. Amma ta saba da wani yanayi, ta daɗe a ɗakin sanyi da cikin jirgin ruwa, ba ta kuma yi wa kowa alkawarin haihuwa a Goronyo ba. Ta gida, ko wadda ake saukowa da ita daga lambunan tsaunukan Ayar a jihar Agadas, ita ce ta san rana da ƙurar wurin.

Ƙasar da ake so ita ce mai laushi wadda ruwa ba ya kwanciya. Ana kafta ta, a farfasa hoge, a zuba taki wanda ya riga ya ruɓe. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa, yana kuma zuwa da 'ya'yan duk ciyawar da saniyar ta ci. Bayan an ja fangali, sai a cusa kowace ƙwaya zurfin santimita 3 zuwa 5, a bar santimita 10 tsakaninsu, layi da layi kuma 15 zuwa 20. Tsinin yana kallon sama, gindin yana ƙasa. Wadda aka binne a kife za ta fito, sai dai za ta ɓata kwanaki tana kwana a cikin ƙasa, ta fito a gajiye da wuya a karkace. Wannan kuskure yakan auku ne idan an ba yara aikin da sharaɗin ladan kowane fangali.

Tsiro yana bayyana cikin mako ɗaya zuwa biyu. Tona ƙasa kowace safiya don a ga ko tana nan ba ya ƙara mata sauri. Tana nan.

Saiwar tafarnuwa ba ta nisa, don haka ban ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi ambaliya sau ɗaya. Mai sabon injin ban ruwa ya kamata ya tuna cewa shinkafa daban ce. Ciyawa kuwa da hannu ake cire ta, tun tana ƙarama, domin siririn ganyen tafarnuwa ba ya iya danne komai. Sauran abokan gaba uku ne: ƙananan ƙwarin da ke ɓuya a hammatar ganye suna tsotsa har ya yi fari-fari, akuyar maƙwabci, da mai wucewa da ya san komai. Na farko yana da magani a shagon kayan gona, ta biyu tana da shinge. Na uku sai a ce masa an gode.

A gefen fangalin tafarnuwa ana iya gwada albasun da ba a saba gani ba. Mafi sauƙi ita ce 'yar ƙaramar albasa mai tarin 'ya'ya, wadda Dogon suke nomawa a duwatsun Bandiyagara a Mali, mutanen Anloga kuma a yashin bakin tafkin Keta a Gana. Ba ta buƙatar reno ko dashe. Kan guda ake turawa cikin ƙasa a bar tsininsa a waje, bayan wata biyu zuwa uku a tarar ya zama gungu. Ta dace da mai son riba ba tare da dogon zance ba.

Sai albasa mai tafiya, wadda aka samu daga haɗuwar albasar da aka sani da albasa mai lawashi. Maimakon fure, 'yan ƙananan kawuna take yi a ƙolin kara. Idan sun yi nauyi karan ya sunkuya, su taɓa ƙasa, su yi saiwa, baɗi su sake matsawa gaba. A ƙasashen sanyi ta fi jin daɗi. Wanda ya samu ta kama a lambunsa ya dasa ta nesa da iyaka, domin shari'ar gonar da amfaninta ya ƙaura da kansa ba ta da sauƙin yankewa a gaban mai unguwa.

Babban tarko shi ne irin da ɗan uwa ya ɗauko daga Ingila cikin 'yar takarda mai hoto. Albasa tsawon yini take aunawa kafin ta yi kai. Ta arewacin Turai tana jiran yinin awa 14 zuwa 16, yinin ƙasar Hausa kuwa da ƙyar yake kai awa 13. Za ta yi ta jira tana tara lawashi har bazara ta kashe ta, ɗan uwan kuma ya ce ba a kula ba ne. Mai son sauyi ya nemi farar Sumarana ta kusa da Maraɗi, ko ya koma ga jar Galmi, wadda ake yafa irinta a Oktoba a dasa bayan kimanin mako shida, ta kuma jure ajiya a rudu.

Idan rabin ganyen tafarnuwa ya bushe, cikin Fabrairu ko Maris, ana yanke ruwa mako biyu kafin cira. Ana sassauta ƙasa da ƙaramar fartanya a ɗago ta. Fizga da ƙarfi ganye kawai take bayarwa. Daga nan a ɗaure dami-dami a rataye a inuwa mai iska mako biyu zuwa uku, ba a wanke ba. Kafin dillali ya iso, kafin 'yan uwa masu mura su ji labari, sai a ware manyan dunƙulen a matsayin irin baɗi, a mayar da su can inda hannu ba ya kaiwa.