Zuwa ga Taubashina, Madugun Dungas

Taubashi, ina gaisuwa, ba don ka cancanta ba, sai don Gwaggo ta ce in riƙa gaishe ka. Labari ya iso Magarya wai bana da salla za ka kai iyali Kano su ga gidan zu, su hau lilon zamani, su sha askirim. Da na ji sai na ce a sake faɗa, na ɗauka wani mai sunanka ne. Mutumin da ke fasa goro ɗaya gida huɗu ya ɓoye uku a hula, yau shi ne zai biya wa mutum goma sha biyu kuɗin ƙofa? Lallai tashin duniya ya matso.

Hankalina bai kwanta ba sai da uwargidanka ta kira matata ta zayyana mata tsarin tafiyar, nan na tabbata kai ɗin ne, ba a canza mana kai ba. Wai ranar Alhamis da asuba ku bar Dungas, kai da mata biyu da yara tara, ka tsaya kasuwar Maigatari ka sayar da bijimi, ku bi ta Gumel da Gezawa ku shiga Kano bayan isha. Juma'a da sassafe gidan zu, da hantsi Dutsen Dala, daga nan masallaci, sai Kurmi, sai Kantin Kwari, la'asar wurin lilo, magariba babban kantin Ado Bayero, sannan cikin dare ku juyo gida. Taubashi, ko Amadu Kuran Daga da ya nufi Kano da yaƙi bai yi irin wannan gaggawa ba, shi kuwa dakaru ya ɗauka, ba 'yan yaye ba.

Abu ɗaya na yaba maka: sayar da bijimin a Maigatari. Kuɗin zai zo maka da naira, ba sai ka tsaya gaban ɗan canji kana gumi kana ƙirga jika-jika ba. Sauran tsarin kuwa na mai korar awaki ne daga gonar wake.

Na san abin da ke ranka. A lissafinka duk ranar da aka kwana a Kano ba a shiga wani wuri ba, asara ce, an ci abinci a banza. To ka tambayi tsofaffin fataken da suka bi wannan hanya da jakuna da raƙuma kafin a san mota. Da sanyin safiya suke tashi, rana na take tsaka su sauke a zango, in dabbobi sun gaji a ƙara kwana, a ɗinke mangala, a duba ƙafafu. Madugun da ya hana ayari hutu shi ke isa da rabin jakuna. Unguwar Zango ta Damagaram da Fagge ta Kano duk wuraren sauka ne tun asali. Su da suke neman riba sun san darajar kwanan zango, kai da ka fito kashe kuɗi kake gudunsa.

Kuma ka tuna bara, in ka manta ni ban manta ba. Ka kwashi yaran nan ka kai su Damagaram kallon hawan salla, kuka tsaya a rana ƙofar fada tun hantsi, ka hana su ruwan leda wai akwai na gida a jarka, wanda ya riga ya zama na haɗa shayi. Da dare kuka kwana a tasha kan tabarma ɗaya. Autarka ta dawo da zazzaɓi, abin da ka kashe a likita ya ninka kuɗin ɗakin da ka ƙi kamawa. Har yau in an tambayi yaron nan na lakwal me ya gani a Damagaram, cewa yake ƙeyar mutane. Sallar 'yan shekarun nan ga ta a tsakiyar bazara, zafi na haura 40, Kano kuwa ga kwalta ga hayaƙin adaidaita sahu.

Ko Turawan da suka ƙirƙiro wannan harka ta wuraren lilo ba haka suke yi ba. Disneyland da aka buɗe a Kalifoniya a 1955, da babbarta ta Fulorida ta 1971, masu zuwa da yara sukan tsallake rana a tsakani, su zauna masauki yara su yi barci su yi wanka. Su da ke da kuɗin shiga kullum ke nan. Yaro ba ya ƙirga wurare nawa ya je, abu ɗaya yake riƙewa ya yi shekara yana ba da labarinsa.

Yanzu mu zo kan masauki, inda asirinka ya tonu. An ce ka ce ba ka da matsala, ai surukin taubashinka yana da gida a Fagge. Surukina! Bawan Allah mai ɗaki uku da 'ya'ya bakwai. Ko sallama ba ka yi masa ba, ka riga ka raba ɗakunansa a zuci, har ka ba amarya mai fanka. A watan Oktoba na 2019 wani zaki ya kuɓuce a gidan zun nan na Kano da kake ɗokin gani, aka yi ta nema, ashe ya samu masaukin kyauta a kejin awaki, kafin a mai da shi wurinsa ya cinye masu gidan. Duk lokacin da na tuna yadda kake da tuwon gidan mutane, wannan zaki nake gani. Ka rufa mini asiri, aurena bai kai ƙarfin da zai ɗauki tawagarka ba.

Masaukin kyauta ma ba kyauta ba ne, kai da kake son lissafi. Ba za ka shiga gidan mutane hannu rabbana ba, sai da tsaraba: kwanon riɗi, ɗaurin rake, ko zabi biyu. In an kwana dole ka sa hannu a cefane, in za ka tafi ka ba yaran gida na alewa. Haɗa duka ka gani. Ga matanka za su wuni a takure, su ji nauyin shiga banɗaki, su yi ta tsawatar yara kada su taɓa talabijin. Wane hutu ke nan?

Ka kama ɗaki biyu a ƙaramin gidan baƙi, ko ka nemi fatoma cikin waɗanda 'yan kasuwarmu ke sauka wurinsu, ya sama maka wuri na kwanaki. Kafin ka biya ka shiga da ƙafarka ka murɗa famfo ka ga ruwa, ka tambaya ko akwai sola ko janareta in an ɗauke wuta, ka duba taga ko da raga, kuma ka taho da gidan sauro naku. Ka tambaya ko za a bar mata su ɗora tukunya a tsakar gida, don a abinci kuɗin mai iyali ke zurarewa, ba a ɗaki ba. Wurin da ya fi araha amma sai an hau adaidaita uku kafin a kai titin gidan zu, ka bar shi, mutum goma sha biyu ba su shiga guda ɗaya. In ka bi arha ido rufe har ka kai uwargidanka inda ake kiɗa da kwalabe har asuba, ni ba ruwana, kai da Gwaggo.

Ga tsarin da zan ba ka, kyauta, tunda ita kaɗai ce kalmar da ke shiga kunnenka. Ku bar ranakun salla su wuce, cunkoson ya lafa. Alhamis hanya kawai. Juma'a ba inda za a je sai masallaci, yara su yi barci, mata su yi wanki. Asabar da sassafe gidan zu, wanda Gwamna Audu Bako ya kafa a farkon shekarun 1970, ku fito kafin azahar, la'asar sakaliya a je lilo, kowane yaro ya hau abu biyu ba tare da ka tsaya kana taya kuɗin tikiti kamar a kara ba. Lahadi mata su shiga Kwari su kaɗai da kuɗi a hannunsu, kai ka zauna da yara ka ɗanɗana. Mai sauran ƙarfi ya hau Dala da yamma. Litinin ku kamo hanya da rana tsaka-tsaki, ku tsallaka iyaka ido na ganin ido. Ka riƙe katin ɗan ƙasa na manya da takardun haihuwar yara, ka kuma tambayi direbobi halin da iyakar ke ciki kafin ka tashi, ka ga yadda aka rufe ta a 2019, aka sake rufewa a 2023.

In kuɗin bijimin ba zai kai kwana huɗu ba, rage wuraren zuwa, kada ka rage barci. In kuwa ka dage sai tsarinka, to ka bar mini ƙananan uku a Magarya, in kai su fadama su sha rake, su dawo maka da ƙiba. Maganar kuɗin sharar da kowace shekara kake cewa ni ke biya ina cewa kai ne, na yafe na bana, ka sa shi a kuɗin ɗaki. Surukina kuma na riga na kira shi na ce in ya ji sallamar mutumin Dungas, ya ce ba ya nan.