Madalla da Masu Ajiye Furanni

Duk mai cewa Najeriya ba ta san halacci ba, to bai taɓa leƙa Abuja ranar 15 ga Janairu ba. Ran nan manyan ƙasa da hafsoshin tsaro ke fitowa, kowa riƙe da furanni, ya tako da tafiyar hawainiya, ya ajiye a gindin gunkin sojan da ba a san ko wane ne ba. A busa begila, a harba bindiga, a watse. To me kuma 'yan mazan jiya suke nema?

Hikimar tana wajen zaɓen wanda za a karrama. Sojan da ba a sani ba ba shi da asusun banki. Bai bar matar da za a ce ta kwashe komatsanta daga bariki ba, ba ya dogara sanda zuwa tantancewar fansho. Ga shi da ladabi: shekara da shekaru yana tsaye, bai taɓa shimfiɗa tabarma a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ba, kamar yadda 'yan'uwansa masu rai suka sha yi, wai sai an biya su haƙƙinsu. Kai, mutum ba a iya masa! Ba an yi musu fareti ba?

Wannan kyakkyawar ɗabi'a gadonta muka yi. Lokacin yaƙin duniya na biyu Turawan Ingila sun kwashi samarinmu, a runduna ta 81 da ta 82, zuwa dazukan Bama. Ba a yi tuya an manta da albasa ba, domin ga barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, ga Letmauk a Ibadan, duk sunayen wuraren da aka gwabza ne. Kogi da ƙauye sun samu allo. Mutanen kuwa sun yi yawa, kuma mai suna yana da dangi, dangi kuma akwai su da tambaya. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka, da suka mutu a yaƙin duniya na farko, ba a rubuta sunansu ko'ina ba. An ba da haƙuri bayan shekara ɗari, wanda ba ƙaramin karamci ba ne.

Ga iya tattali. A da, ranar 11 ga Nuwamba ake bikin ajiye furannin, sai aka mai da shi ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, wadda kuma ita ce ranar da aka kashe Sardauna da Birgediya Maimalari a 1966. Fure ɗaya ya wadatar da kowa, ko hutun aiki ba a ɓata ba.

Gyara ɗaya ya rage. A bikin 2021 Shugaba Buhari ya buɗe kejin fararen tattabarun zaman lafiya, suka yi ƙememe suka ƙi tashi, duniya na kallo. Kada wani mai baƙin baki ya ce yunwa ce. Muna dai roƙon hukuma ta riƙa nemo tattabarun da suka san kishin ƙasa.