Ku da kuke rantsuwa babu tsire a Kartum

Kanawa, na san halinku. Da an ce akwai tsire mai daɗi a wani gari da ba naku ba, sai ku taɓe baki ku ce, "To, Allah Ya sa." Zagezagi kuwa kada ku yi dariya, ku da har gobe in kuna son na kirki sai kun jira mai zuwa Kano. Yau da ku duka nake: a Kartum da Umdurman ana gasa naman da zai sa Sarkin Fawa ya gyara zama.

Na ji wani Alhaji daga can baya yana cewa, "Haba Malam, mutanen da suka karya da wake, suka kwana da wake, ina suka san tsire?" Gaskiyarka Alhaji, ful ɗin nan nasu ba ya fashi. Da hantsi za ka ga an kewaye kwano guda, an dagargaza wake, an kwarara man riɗi, kowa na dangwala da burodi. Amma ka jira rana ta faɗi. Da an idar da magariba sai hayaƙi ya fara tashi a bakin titi, kuma in hancinka na aiki ba sai an yi maka jagora ba. Agashe suke ce masa, kuma babu Basudanen da zai yi maka gardama a kan cewa Hausawa ne suka kawo shi.

Ai ba daga sama Hausawan suka faɗo ba. Kakanninku ne da suka ɗauki sanda da buta suka nufi Makka a ƙasa, ta Barno da Abeshe da El Fashir, guzuri ya ƙare a hanya, suka tsaya neman na jirgin ruwa a Suwakin, tsayuwar da ta zama zama. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, wasu suka ƙara kwararowa. Mutumin da ya ratsa Chadi da Darfur da ƙafa bai yar da carbinsa ba, kuna tsammanin zai yar da ƙuli-ƙuli?

Ku matso ku ga yadda ake yi. Mai agashe zai fere nama falan-falan, ya tsire a tsinke, ya birkiɗa shi cikin garin gyaɗa da yaji har sai jan naman ya ɓace, ya yayyafa mai. Sannan ya kafa tsinkayen a kewaye da garwashi, ba a kan wutar ba, zafi na dukansu daga gefe yana juyawa. Wanda ya taɓa tsayawa gaban tukuba a Fagge ya gaya mini abin da ya rage. In ya gasu a zare, a watsa albasa, a matse lemun tsami, a miƙo maka da burodi.

Nan ne za ku ce kun kama ni. Burodi? Lemun tsami? E, na yarda, sun yi masa ƙari. Har agashen kaza suna yi, har na kifi. Na kifin nan ni ma raina bai kwanta da shi ba, kuma ba zan tsaya masa a gaban alƙali ba. Sai dai ku da kuka zauna aka cusa muku kabeji da tumatir a cikin tsire, kuka ci kuka ce a ƙaro na ɗari biyar, ba ku da bakin yi wa kowa fatawa a kan bidi'a.

Mai nema kuma ya kiyaye: ba a gidan abinci mai gilashi da na'urar sanyi ake samun na ƙwarai ba. Ka tambayi mai raƙsha, wato Keke Napep ɗinsu, ko matan nan masu shayi da ke zaune kan 'yan kujeru a gindin bishiya, ko ɗaliban Najeriya da suka yi karatu a Jami'ar Afirka, waɗanda rabin ilimin da suka dawo da shi na sanin wurin nama ne. In ka isa, yi wa mai wuƙar sallama da Hausa. In ya ɗago ya amsa da "Sannu da zuwa" cikin wata Hausa mai ƙamshin Larabci, zauna, ka iso. In kuma nama zalla kake so ba yaji, sai ka haye gada zuwa kasuwar Kandahar a yammacin Umdurman, ka zaɓi tsokarka a hannun mahauci, mata su soya maka nan take. Hajiya mai cewa ba ta iya kwana sai da tuwo, ke ma an yi da ke: asida da miyar busasshiyar kuɓewa na nan, ga godogodo na gero da nono ki kora.

Wani zai ce, "Malam, ka manta ana yaƙi?" Ban manta ba, kuma nan babu wasa. Faɗan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin soja da dakarun RSF ya kori miliyoyin mutane daga gidajensu, kasuwannin Kartum da Umdurman suka sha wuta da wawaso. Masu agashe da yawa sun tattara tsinkayensu sun bi 'yan gudun hijira zuwa Fot Sudan da Alƙahira, inda yanzu Misirawa ma suka san ƙamshinsa. Soja sun karɓe Kartum a Maris na 2025, mutane na komawa kaɗan-kaɗan.

Saboda haka ba na ce ku yanki tikiti gobe ba. Ku sa su a addu'a, dangi ne. In Allah Ya kawo lafiya, Alhaji mai gardama, kai za ka biya kuɗin jirgi, agashen kuma a wuyana.