Bikin Albasar Daji

A garin Richwood na jihar Bajiniya ta Yamma a Amurka, da sanyi ya ja baya sai a yi bikin wata albasar daji mai suna ramp. Cikin kurmi ake tono ta, a soya da dankali, jama'a su biya kuɗi su yi layi. Wajen wari kuwa, tafarnuwa ma sara mata take yi. Wani ɗan jaridar garin, Jim Comstock, ya taɓa zuba ruwanta cikin tawadar jaridarsa, har hukumar gidan waya ta ja masa kunne. Yanzu masana na roƙon a tsinki ganye a bar saiwa, don tsiron kan yi shekara 5 zuwa 7 kafin ya ƙosa. Mai niyyar zuwa dai ya tanadi asuwaki, ya kuma nemi afuwar iyali tun da wuri.